Gidan da Aka Shekara 43 Ana Ɗiga wa Mutane Mura a Hanci

A watan Yulin 1946, shekara guda bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu, aka buɗe wata cibiya a gefen garin Salisbury da ke kudancin Ingila, wadda aikinta ɗaya ne tak: a kawo mutum lafiyayye, a ɗiga masa ƙwayar cutar mura a hanci, sannan a zauna a ga abin da zai faru. Ba kamo mutanen ake yi ba, su suke kawo kansu. Ana sa talla a jaridu cewa ga hutun kwana goma kyauta a ƙauye, da abinci, da kuɗin mota, da ɗan abin sawa a aljihu. Kafin a daina gwaje-gwajen a 1989, mutum kusan 20,000 sun kwana a wannan wuri. Har suka tashi ba su samo maganin mura ba, amma sun gano dalilin da ya sa babu shi, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai kemis ya ce "a ba ni maganin mura mai ƙarfi" yana da buƙatar jin wannan labari.

Kafin zamaninsu, shekaru fiye da dubu likitoci suka yi suna ɗauka cewa majina daga ƙwaƙwalwa take gangarowa. Kalmar "kata" da muke ji a bakin maƙwabtanmu a nan Kudu asalinta Girkanci ce, ma'anarta abin da ke kwarara ƙasa. Likitocin Larabawa irin su Ibn Sina ma sun yi bayanin zukamu da nazla, ita kuwa nazla daga sauka aka samo ta. Tunanin shi ne sanyi ya bugi kai, ruwan da ke cikin kai ya yi yawa, sai ya sauko ta hanci. Sai a 1660 wani likita Bajamushe mai suna Conrad Schneider ya nuna cewa babu wata kafa da ruwa ke bi daga ƙwaƙwalwa zuwa hanci, fatar cikin hancin ce da kanta take yin majinar. Amma zargin da ake wa sanyi bai gushe ba. Benjamin Franklin na Amurka, wanda mutum ne mai yawan ninƙaya a ruwan sanyi, ya rubuta a 1773 cewa shi a ganinsa mutane a wajen junansu suke ɗaukar mura idan an cunkushe su a ɗaki ko a keken doki an rufe taga. Ba a cika saurarensa ba.

Da yake ba a san sanadin ba, kowa ya kawo nasa maganin. A Landan a 1891 wani kamfani ya fito da wata ƙwallon roba da ake matsawa ta fesa garin sinadari a hanci, ya kuma yi alƙawari a jarida cewa duk wanda ya yi amfani da ita yadda aka ce amma mura mai tsanani ta kama shi, za a ba shi fam 100. Wata mata, Louisa Carlill, ta yi amfani da ita, ciwo ya kama ta, kamfani ya hana ta kuɗi, ta kai ƙara ta kuma yi nasara. Har yau ɗaliban lauya a jami'o'in Najeriya suna karanta wannan shari'a a darasin yarjejeniya. A 1924 kuma shugaban Amurka Calvin Coolidge ya shiga wani ɗaki ya zauna yana shaƙar iskar kilorin, irin wadda aka yi amfani da ita a matsayin guba a Yaƙin Duniya na Ɗaya, don likitocin soja sun ce kaɗan daga cikinta yana kashe mura.

Matakin farko na gaskiya an ɗauke shi ne a birnin Leipzig na Jamus a 1914. Wani masani, Walther Kruse, ya ɗebi majinar mataimakinsa mai mura, ya tsarma ta da ruwan gishiri, ya tace ta da matacin da ƙwayar bakteriya ba ta iya ratsawa, sannan ya ɗiga ruwan a hancin abokan aikinsa 12. Huɗu suka kamu. Tunda an riga an tace bakteriya, ke nan abin da ke kawo mura ya fi bakteriya ƙanƙanta, wato bairos ne. Wajen 1930 Alphonse Dochez ya tabbatar da haka a Niyok, da manyan birai na cimfanzi da kuma mutane. Matsalar ita ce ɓera da zomo da sauran dabbobin ɗakin gwaji ba sa yin murar ɗan Adam, cimfanzi kuma tsada gare shi ga wuyar sha'ani. In ana son a yi bincike, dole sai da mutum.

Nan ne Christopher Andrewes ya shigo. Yana cikin mutum uku da suka fara ware ƙwayar murar infuluwenza daga jikin ɗan Adam a 1933, don haka yana da ƙwarin gwiwar cewa mura gama-gari ma ba za ta gagara ba. A lokacin yaƙi, Jami'ar Harvard da ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Amurka sun gina wani asibitin katako a kan tudu a wajen Salisbury, saboda tsoron ɓarkewar annoba idan Jamus ta yi ta ruwan bama-bamai. Da aka gama yaƙi suka bar wa Ingila shi kyauta, Hukumar Binciken Magunguna ta ƙasar kuma ta miƙa shi ga Andrewes.

Tsarin zaman ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ƙarfin binciken yake. Mutanen suna zuwa rukuni-rukuni, a raba su bibbiyu ko uku-uku a ɗakuna, kowane ɗaki da rediyo da littattafai. Ana ajiye musu abinci a bakin ƙofa. Suna iya fita yawo a jeji, amma in sun hango wani sai su tsaya nesa, ba shiga shago, ba hawa mota. Kwanakin farko ba a taɓa su, ana jira ne a ga ko wani ya zo da murarsa daga gida. Bayan nan sai a kwantar da mutum, a ɗiga masa ruwa a hanci. Wani ruwansa akwai ƙwayar cuta, wani kuma ruwan gishiri ne zalla, kuma daga mai karɓa har likitan da ke duba shi kullum babu wanda ya san wanne aka ba wa, sai an gama. Duk takardar da mutum ya fyace majina da ita ana tarawa a jaka, a ƙirga, a auna nauyinta a sikeli. Haka aka mayar da mura abin da ake iya aunawa. Wajen kashi ɗaya cikin uku ne suke kamuwa, sauran su ci hutunsu lafiya su tafi. Ɗalibai sukan zo don su sami wurin karatu shiru, akwai sabbin ma'aurata da suka ci amarcinsu a can, wasu kuma sun yi ta dawowa shekara bayan shekara.

Abu na farko da Andrewes ya so ya warware shi ne tsohon zancen sanyi. Ya sa wasu suka yi wanka da ruwan zafi, suka fito da jiƙaƙƙen kayan wanka a jikinsu suka tsaya rabin awa a baranda mai iska suna karkarwa, bayan nan suka sa jiƙaƙƙiyar safa suka wuni da ita. Waɗanda aka yi wa haka ba tare da an ɗiga musu ƙwayar cuta ba, babu wanda ya yi mura. Waɗanda aka ɗiga wa ƙwayar kuma aka sa su sha sanyi, ba su fi waɗanda suka zauna cikin ɗumi kamuwa ba. Dama tun farkon shekarun 1930 an lura da irin haka a tsibirin Spitsbergen, can kusa da ƙarshen duniya ta arewa, inda masu haƙar kwal wajen 500 suke zama. Duk tsawon hunturu ƙanƙara ta rufe teku, sanyi kamar ya kashe mutum, amma mura sai ta ɓace. Jirgin ruwa na farko yana isowa a watan Mayu, cikin 'yan kwanaki gari ya ɗauki atishawa.

To shin iyayenmu da suke cewa a rufe kai a sa rigar sanyi sun yi kuskure ke nan? A ganina ba gaba ɗaya ba. A 2005 a Jami'ar Cardiff an gwada mutum 180, rabinsu suka tsoma ƙafa a ruwan sanyi na minti 20, kuma cikin kwanakin da suka biyo baya kashi 29 cikin ɗari na waɗannan suka nuna alamomin mura, alhali a ɗaya rabin kashi 9 ne kawai. Bayanin da masu binciken suka kawo shi ne, mai yiwuwa ƙwayar tana nan laɓe a hancin mutum, sanyin ya ba ta dama. Sanyi yana iya buɗe ƙofa, amma sai in ɓarawo na tsaye a bakinta. Shan ruwan firji ko kwana a ƙarƙashin fanka ba sa haifar da ƙwayar cuta. A hunturu kuwa ƙura da bushewar iska suna wahalar da hanci, ga shi kowa ya rufe taga an cunkushe a ɗaki, abin da Franklin ya faɗa ke nan.

Yadda take yaɗuwa ma ya ba su wahala. A 1950 sun kai mutum 12 wani tsibiri da babu kowa a gaɓar arewacin Sikotland, suka bar su kusan wata uku don jikinsu ya manta da mura, sannan suka kawo musu mutanen da aka ɗiga wa ƙwayar suka zauna tare da su. Babu wanda ya ɗauka. Sai da aka samo wani manomi na yankin mai murarsa ta Allah da Annabi, shi ne ya shafa wa wasu daga cikinsu. A wani gwajin kuma aka maƙala wa wani ma'aikaci siririn bututu a gefen hanci yana ɗigar da ruwa mai launin da ido ba ya gani, daidai yadda majina ke zuba, aka bar shi yana hira yana karta da abokansa. Da aka kashe fitila aka haska hasken da ke bayyana launin, sai ga shi a hannuwa, a fuskoki, a katin karta, ko'ina. Daga baya masu bincike a Amurka suka yi ta jayayya, na Jami'ar Virginia suna cewa ta hannu ta fi bi, na Wisconsin suna cewa ta iska ne. Dukansu suna da hujja, shi ya sa ake cewa a wanke hannu kuma a rufe baki in za a yi atishawa.

Babban aikin shi ne a raya ƙwayar a ɗakin gwaji, kuma shekara goma suka yi suna faɗuwa. Wanda ya riga su shi ne Winston Price na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, wanda ya sanar da ware ƙwaya ta farko a 1956. Shekara guda bayan haka wani matashin likita, David Tyrrell, ya zo Salisbury, a lokacin da ake ta raɗe-raɗin rufe wurin. Shi ne ya gane inda matsalar take. Ana ta ajiye kwalaben gwaji a zafin jikin mutum, digiri 37, alhali cikin hanci ya fi haka sanyi. Da ya rage zuwa digiri 33, ya ɗan ƙara tsamin ruwan, ya sa kwalaben suna juyawa a hankali, sai ƙwayoyin suka fara hayayyafa. A 1960 ke nan. Aka raɗa musu suna rainobairos, daga kalmar Girkanci mai nufin hanci.

Murna ba ta daɗe ba. An zaci ƙwaya ɗaya za a samu ko biyu, a yi musu allurar rigakafi kamar yadda aka yi wa shan inna, a wuce wurin. Sai aka ga duk wanda aka ɗebi majinarsa kusan wani iri ne daban. Yau an san rainobairos ya haura iri 160, kuma duk yawansu bai wuce rabin murar da ake yi ba ko ƙasa da haka. In aka haɗa da sauran dangogi, ƙwayoyin da ke kawo abin da muke kira mura sun fi 200. Jiki yana koyon yaƙar irin da ya taɓa kama shi, amma wannan ilimi ba ya amfani a kan na gaba. Shi ya sa yaro ƙarami yake yin mura sau shida zuwa takwas a shekara, babba sau biyu ko uku: babba ya riga ya biya haraji da yawa. Mura dai suna ne na alamomi, wato yoyon hanci da atishawa da kaikayin maƙogwaro, kuma yawancin wahalar da mutum ke ji daga faɗan da jikinsa ke yi da ƙwayar take fitowa.

Cikin samfuran da Tyrrell ya tara akwai na wani ɗan makarantar kwana, mai lamba B814. Yana sa mutane mura, amma ya ƙi rayuwa ta hanyar da sauran suke rayuwa. A 1966 ya aika da shi Asibitin St Thomas a Landan wajen June Almeida, 'yar direban bas daga Glasgow wadda ta bar makaranta tana shekara 16, amma babu kamarta wajen ɗaukar hoton bairos da babban madubin likita mai aiki da lantarki. Ta ga ƙwaya zagayayya da 'yan tsinke-tsinke kewaye da ita kamar kambin sarauta. A 1968 suka sa wa dangin suna koronabairos. A lokacin ba wanda ya damu da shi, ɗaya ne kawai cikin masu kawo mura.

Magunguna kuwa an gwada har an gaji. Wanda ya fi ba da fata shi ne intaferon, wani sinadari da jiki ke yi don kare kansa, wanda aka gano a Landan a 1957. In aka fesa shi a hanci kafin ƙwaya ta shiga yana hana kamuwa, amma in aka yi kwanaki ana fesawa sai hanci ya toshe ya fara jini, maganin ya zama wata murar. Bitamin C ya samu suna ne a 1970 da Linus Pauling, mai lambar yabo ta Nobel har biyu, ya rubuta littafi a kansa. Da aka tattara gwaje-gwaje 29 da suka ƙunshi mutum fiye da 11,000, an ga ba ya hana gama-garin mutane kamuwa. Mai shansa kullum yakan ɗan rage kwanakin ciwo da kashi 8 cikin ɗari, wanda kuma ya fara sha bayan mura ta kama shi bai ga wani tabbataccen amfani ba. A 2002 kwamitin hukumar magunguna ta Amurka ya ƙi amincewa da wani magani mai suna Pleconaril, don kwana ɗaya kacal yake ragewa, ga shi yana iya ɓata aikin ƙwayar tsarin iyali. Wani abin da aka gano a shekarun ƙarshe na Salisbury ya fi waɗannan ban sha'awa: Sheldon Cohen ya bi mutum 394 da aka ɗiga wa ƙwaya, ya ga masu yawan damuwa a rayuwarsu sun fi kamuwa. An buga sakamakon a 1991.

Yanzu mu dawo gaban mai kemis. Tunda Kruse ya tace bakteriya a 1914 mura ba ta fasa kama mutanensa ba, to kafso irin su Ampiclox da Amoxil da Septrin, waɗanda bakteriya kaɗai suke kashewa, ba su da aikin yi a nan. Mutum ya sha na kwana uku ya ga sauƙi ya ce kafso ne, alhali mura dama kwana biyu zuwa uku take yin tsanani, ta tafi cikin mako guda ko kwana goma, ko da yake tari kan iya kaiwa mako uku. Majina ta koma kore ko rawaya ba hujja ba ce, launin daga sojojin jini yake. Abin da ake samu daga wannan shan shi ne gudawa, da asarar kuɗi, da ƙwayoyin bakteriya da suka saba da magani, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci. Shayin citta da kanumfari da lemon tsami, farfesu mai zafi, farasitamol don ciwon kai, ɗigon ruwan gishiri a hancin yaro, duk suna rage wahala, kuma iyakar abin da kowane magani ke yi ke nan. Zuma tana sassauta tari, amma ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba. Asfirin ma ba na yara ba ne. In za a yi sirace a kula, ruwan zafi ya ƙona yara da yawa.

Maganin tari na ruwa shi ne na fi jin tsoro. Tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta ce kada a ba yaro ɗan ƙasa da shekara biyu, Ingila kuma a 2009 ta ce ƙasa da shekara shida, don amfaninsa bai tabbata ba, illarsa kuwa an gani. A 2022 yara kusan 70 suka mutu a Gambiya ƙodarsu ta lalace, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta danganta abin da wasu magungunan tari da mura guda huɗu da aka samu guba a cikinsu. Da yawa daga cikin yaran nan abin da ya kai iyayensu sayen magani ciwo ne da zai tafi da kansa.

Shi ya sa a asibiti ba a yin gwajin jini don a tabbatar da mura. Aikin likita shi ne ya tabbatar ba wani abu ne ya sa rigar mura ba, kuma a ƙasarmu abubuwa biyu ne a gaba. Zazzaɓi mai zafi da rawar sanyi da ciwon gaɓoɓi, a yi gwajin maleriya, kada a yi hasashe. Na biyu shi ne ciwon huhu na nimoniya, wanda a ƙididdigar UNICEF ya kashe yara 162,000 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya a 2018, fiye da kowace ƙasa. Uwa tana iya gane shi da agogon waya. A ɗaga rigar yaro yana kwance shiru, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. In ya kai 60 ga jaririn da bai yi wata biyu ba, ko 50 daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, ko 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar, ko kuma ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko ya ƙi kama nono, wannan ya wuce mura, asibiti ne a ranar. Babba kuma da tarinsa ya haura mako biyu, yana ramewa yana gumin dare, a duba tarin fuka.

An yi gwajin ƙarshe a Salisbury a 1989, aka rufe wurin gaba ɗaya a shekarar da ta biyo. Kuɗi sun yi ƙaranci, hankalin masu bincike ya koma kan cutar ƙanjamau, Tyrrell kuma ya kai shekarun ritaya. Aka rushe ɗakunan katakon aka gina gidaje a filin. Tyrrell ya rasu a 2005, June Almeida a 2007. A 2020 da korona ta rufe duniya aka tono hotunan da ta ɗauka, jaridu suka yi ta buga sunanta. A 2021 kuma, a wani asibiti a Landan, aka killace matasa 36 lafiyayyu a ɗakuna, aka kwantar da su aka ɗiga musu ƙwayar korona a hanci, irin yadda ake yi a Salisbury.